Sunan da Ya Cinye Suna: Wa Muke Yabo Idan Mun Ce "Gwanina"?

Daren da muka kammala sake kallon zangon farko na *Labarina* a ɗakin wani abokina, musun da aka saba ya tashi, wato wane ne ya fi iya wasa a fina-finan Hausa. Wani ya ce Ali Nuhu, kuma a cewarsa ba a ja da sarki. Wani ya ce Adam A. Zango. Wani ya kafe a kan Nafisa Abdullahi. Ni ma na kawo nawa, muka yi ta ɗaga murya. Can sai wani da bai ce uffan ba tun farko ya jefo tambaya biyu. Ya ce a faɗa masa sunayen mutum uku da Ali Nuhu ya taɓa fitowa a matsayinsu. Muka yi ta lalube, da ƙyar aka tuno Yarima na *Sangaya*. Sai ya ce to, mene ne ainihin sunan Baba Ɗan Audu, wanda muka kwashe dare muna tsine wa? Rabin ɗakin ba su san cewa Rabi'u Rikadawa ne ba.

Tun daga wannan dare tambayoyin nan biyu suka hana ni sakat. Ga mutum wanda sunansa ya cinye sunayen duk waɗanda ya kwaikwaya, ga kuma wani wanda sunan da aka ara masa ya cinye nasa na yanka. Dukansu muna kiran su gwanaye, alhali aikin da suke yi ba ɗaya ba ne. Ra'ayina shi ne mun daɗe muna auna su da mudu ɗaya, kuma wannan awon ya cuci fim ɗin Hausa.

Kalmomin da muke amfani da su ma sun isa shaida. Iyayenmu "ɗan wasa" suke cewa, ko "ɗan wasan kwaikwayo", wato wanda sana'arsa ita ce ya ajiye kansa ya ɗauki wani. Mu kuwa "jarumi" muke cewa. Asalin jarumi a Hausa mutumin fagen daga ne, kuma a ganina kalmar ta shigo harkar kallo ne ta ƙofar silima, inda 'yan kallon fina-finan Indiya suka saba raba mutanen fim gida biyu, jarumi da bos. Jarumi ba ya sauyawa. Kyakkyawa ne, mai gaskiya ne, shi zai auri yarinyar. Da muka ari kalmar sai muka aro abin da ke cikinta, muka fara tsammanin wanda ke kan gaba a fim ya kasance shi ne dai a kowane labari, illa a sauya masa riga da mota.

Zamanin rediyo da talbijin bai san wannan ba. Kakata ta rasu ba ta san wani Usman Baba Pategi ba, Samanja ta sani. Mutumin nan Banufe ne, tsohon soja, ya ɗauko Hausar bariki da gurɓataccen Turancinta da tsawarta ya gina mutum sukutum da ita a gidajen rediyo da talbijin na Kaduna, har ya zama idan aka ce Samanja kowa ya ji takun takalmi. Da ya rasu a 2023, da sunan Samanja aka yi ta'aziyyarsa. Haka Karkuzu a Jos. A wancan zamani babbar lambar yabon ɗan wasa ita ce jama'a su manta sunansa.

Abin da ya sauya lamarin kasuwa ce. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da *Turmin Danya* a Kano a 1990, fim ya koma kaset da ake sayarwa, kuma kaset a kan teburin ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ba shi da bakin da zai tallata kansa sai hoton bangonsa. Mai saye ba zai iya ɗanɗana labari kafin ya biya ba, fuskar da ya sani yake saye. Ɗan kasuwa kuwa shi ke sayen fim daga hannun mai shiryawa, don haka shi ke faɗin fuskar da yake so. Zuwa lokacin da mujallar *Tauraruwa* ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood, kuma *Sangaya* da *Wasila* suka yi tashe, tsarin ya riga ya zauna: a samo fuska, a samo waƙa, labari ya biyo baya.

Ba ina nufin tauraro ba shi da gwaninta ba ne. Riƙe soyayyar jama'a sama da shekara ashirin, kamar yadda Ali Nuhu ya yi, har ya tsallaka fina-finan kudu ya dawo, har aka ba shi shugabancin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2024, aiki ne da ke buƙatar ladabi da naci da sanin kai. Yabon gwani ya zama dole. Sai dai gwanintar tauraro ita ce ya tabbatar wa mai kallo cewa wanda ya zo gani shi ya gani. Gwanintar ɗan wasa ita ce ya ɓace, mai kallo ya nemi shi ya rasa. Idan muka tambayi wanda ya fi iya wasa sannan muka amsa da wanda muka fi so mu gani, mun amsa wata tambaya ce dabam.

To, mene ne iya wasa a Hausa? Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma shi kansa Bahaushen ya yi rayuwarsa yana horar da fuskarsa kada ta ba da labarin. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Matar da aka yi wa kishiya ita ke shiga gaba wajen hidimar biki, tana murmushi. Dattijon da aka ci wa mutunci a zaure sai ya ce "ba komai", kowa kuma ya san da komai. Kunya da kara da kawaici su ne tufafin zuciyar mutanenmu. Saboda haka ɗan wasan da ya iya Hausa shi ne wanda zai nuna mana abu biyu a lokaci ɗaya, abin da ake ɓoyewa da ƙoƙarin ɓoye shi. Hawayen da ake kwarara ana kallon sama, ana jiran kiɗa ya taso, aro ne daga Bombay, kuma duk wanda ya taɓa zaman makoki a garinmu ya san ba haka muke kuka ba. Hatta ƙa'idar da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta tsaya a kanta, cewa namiji da mace ba sa taɓa juna a fim, ta ƙara wa wannan buƙata nauyi, domin duk abin da hannu zai faɗa dole ido da murya su faɗe shi.

Da wannan mudun na sake auna Rikadawa, shi ya sa na ce a cikin duk abin da na kalla a 'yan watannin nan babu wasan da ya kai nasa. Baba Ɗan Audu macuci ne mai son abin duniya, amma ba da zare ido da kaushin murya aka gina shi ba. Da kayan mutunci aka gina shi: riga da hula irin ta dattawa, gaisuwa mai tsawo, rantsuwa, addu'a, kiran yaro "ɗana". Ya san cewa al'ummarsa ta haramta wa yaro ya ƙaryata babba, sai ya mayar da wannan ladabin jarinsa. Mai kallo yana ganin lokacin da muryarsa ke laushi idan ya hango kuɗi, yana ganin idon yana lissafi yayin da bakin ke ambaton Allah. Muna dariya, amma dariyar tana da ɗaci, domin kowannenmu ya san irin wannan dattijo a unguwarsu, wataƙila ma a gidansu. Marubucin ya ba shi kalmomi, amma tazarar da ke tsakanin kalmar da niyyar, wadda a cikinta duk ma'anar take, ɗan wasan ne ya samar da ita.

Sai dai zan yi wa kaina rashin adalci idan na tsaya a nan, domin sunan da ya cinye suna yana iya zama keji. Rabilu Musa ya zama Ibro har ya rasu a watan Disamba na 2014, kuma ban san wani ɗan wasan Hausa da ya kai shi kunnen jin yadda mutane ke magana ba. Ya kwaikwayi malami da boka da ɗan tasha da attajiri, ya faɗa wa masu iko abin da ba mai iya faɗa sai wawan sarki. Amma kasuwa ta gano cewa sunan Ibro kaɗai yana sayar da kaset, sai aka yi ta liƙa shi a jikin kowane irin labari, wani ma ba labarin, har wasansa na kwaikwayon harshen wasu ƙabilu ya riƙa gangarawa daga hikima zuwa zolaya mai arha. Ibro ya fara a matsayin ɗan wasa, kasuwa ta mayar da shi tauraro da ƙarfi, ba mu taɓa samun damar ganin iyakar abin da zai iya ba. Haka Saratu Giɗaɗo, wadda ta rasu a 2024. Ta iya fitowa a muguwar mace har sunan Daso ya zama inkiyar mugunta, masu shirya fim kuma suka ga ba su da dalilin ba ta wani abu dabam. Wanda ya ɓace a cikin mutum ɗaya tak, aka hana shi fita, shi ma an tauye shi.

*Labarina*, wanda Aminu Saira ya fara fitarwa a 2020, ya ba mu gwaji biyu da suka fayyace batun. Na farko shi ne lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, daga baya aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. Na ji masu cewa daga ranar suka daina kallo. Wannan ya nuna cewa tun farko Nafisa suke kallo, Sumayya rigar da ta sa ce kawai. Ban ga laifinsu ba, haka aka tarbiyyantar da idonmu. Amma da an tambaye su abin da sabuwar ta gaza yi wanda tsohuwar ke yi, a tafiya ko a shiru ko a yadda ake sunkuyar da kai gaban uwa, da an samu sharhi. Abin da aka samu shi ne ƙuri'a.

Gwaji na biyu Sadiq Sani Sadiq ne. Wanda ya gan shi a *Mati a Zazzau* na 2020, ɗan ƙauye mai wayon tsiya da bakin da ba ya gajiya, sannan ya gan shi a Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya shiga rigar talaka don ya gane mai son sa tsakani da Allah, ya ga mutum biyu da ba su haɗa komai ba sai fuska. Matsayin Mainasara yana da wuya ta wata fuska ta musamman, domin ɗan wasa ne ke kwaikwayon mai kwaikwayo: dole talaucin ya gamsar da mutanen cikin labarin, dole kuma mu da ke waje mu riƙa hango natsuwar mai kuɗi tana leƙowa ta ƙarƙashinsa. Ina da ƙorafi a kan labarin kansa, wanda ya ja dogon zango a kan tsohuwar dabarar gwada mace da talauci, kamar ita kaɗai ce ke da abin da za a gwada. Amma wasan ya tsaya da ƙafarsa. Ga mutumin da jama'a suka kira Mati, suka dawo suka kira Mainasara, kuma bai maƙale a ko ɗaya ba. A wurina wannan ne matsayi mafi girma: suna ya cinye naka, ka fito, wani ya sake cinyewa.

Dalilin da ya sa wannan musu ya wuce hirar ɗaki shi ne masu shirya fim suna sauraron yabonmu, kuma abin da muka yaba shi za su ƙara mana. Kaset ya mutu, amma hoton bangonsa yana nan a YouTube, inda ƙaramin hoto da adadin masu kallo suka gaji ɗan kasuwar Ƙofar Wambai. Duk da haka shirye-shirye masu dogon zango sun buɗe wata ƙofa. *Daɗin Kowa* na tashar Arewa24 ya shiga gidaje ba tare da manyan fuskoki ba, ya bar mana Kamaye da Adama, sunayen da suka cinye na masu su kamar a zamanin Samanja. Ashe kunnen jama'a bai mutu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu sharhin da za su ce ga abin da wane ya yi da muryarsa a wuri kaza, ga dalilin da ya sa ya yi kyau. Mu ɗaliban adabi mun iya feɗe waƙa baiti-baiti, mu fitar da jigo da salo da amsa-amo, amma idan aka zo wasan ɗan wasa sai mu koma 'yan kallo, mu ce "ya burge ni" mu yi shiru.

Da muka sake haɗuwa a ɗakin abokin nan nawa, aka sake tambayata gwanina. Na ce Rikadawa, na kuma ce a ba ni minti biyar in faɗi dalili. Aka yi dariya, wani ya ce ai gwani ba ya buƙatar dalili. Na ce shi tauraro ne ba ya buƙata, domin so ne, kuma ba a tambayar so hujja. Amma wanda ya kwashe shekaru yana koyon yadda dattijon banza ke gyara zaman hularsa kafin ya yi ƙarya, mafi ƙarancin hakkinsa a kanmu shi ne mu lura cewa ya gyara ta, mu kuma san sunansa.