Mi Ka Zo Da Shi? Sake Karanta Samba Jallo Daga Tawa

A Adar kalmar biɗa ba ta bukatar fassara. Da an yanke hatsi an zuba rumbu, motoci na cika a tashar Tawa da samarin Tamaske, Keita, Barmu da Kalfu. Wasu Abijan, wasu Legas, wasu su bi ta Agadas su nufi Libiya ko Aljeriya. "Ya tahi biɗa," haka ake cewa, kuma kowa ya san abin da ake jira. In damina ta kawo kai ya komo, bayan sannu da zuwa da ruwan sha, tambayar tana nan ko ba a furta ta ba: mi ka zo da shi? Turmin zanen inna, rigar baba, babur, kuɗin aure. Wanda ya komo hannu wofi yakan bari dare ya raba kafin ya shiga gari. Akwai waɗanda kunyar tambayar ga ta riƙe su shekaru a bakin teku.

Da wannan idon na sake karanta L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane cikin hutun da ya wuce. Littafin ya fito a Paris a 1961, ya ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata a 1962, kuma da yawa cikinmu a lise munka haɗu da shi. Kun san amsar da ke kawo maki: Samba Jallo yaro ne da ya tsage tsakanin makarantar allo da lakol, tsakanin Musulunci da Turai. Ni ma haka na rubuta, mushe ya ba ni makina, na manta da littafin. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ta yi arha. Ta sa ka zaci wasu manyan duwatsu biyu ne sunka niƙe yaron, alhali a kowane babi mutane ne, masu suna da fuska, masu ƙaunarsa. Kowannensu ya aika shi biɗar Allah, kuma kowannensu ya riga ya rubuta jerin tsarabar da yake so a kawo mashi.

Ku duba Cerno, malaminsa. Littafin ya buɗe da shi yana murɗe kunnen yaron har jini don harshensa ya zame a karatu. Duk wanda ya zauna gaban wutar makarantar dare ya san wannan zafin. Amma marubucin ya shigar da mu cikin zuciyar tsohon, inda munka iske yana dukan yaron yana mamakinsa: shekara arba'in yana karantarwa bai ga irinsa ba. Shi da kansa ya roƙi uban yaron ya ba shi shi tun yana ɗan shekara shida. Ke nan Samba bai taɓa zama almajiri kamar sauran almajirai ba. Tun kafin ya riƙe allo an riga an auna mashi rawanin magaji. Sauran yara in sun yi kuskure, kuskuren yaro ne. Shi in ya yi, gobe ce ta ƙasar Jallobe ta girgiza.

Sai Grande Royale, yayar sarki, wadda ta tara gari har da mata ta ce a kai yara makarantar nasara, a fara da na gidan sarauta. Ita tsarabar da take so daban ce: sirrin da ya sa baƙi sunka ci ƙasar. Ubansa yana son ɗan da zai haɗa duniyoyin biyu ba tare da ya zubar da ko ɗaya ba. A Paris ma bai huta ba. Lucienne tana son ya shiga sahun 'yan kwaminis, Adèle ta gidan Pierre-Louis tana son ya ba ta Afirkar da ba ta sani ba. Na bi littafin da biro ina neman wuri guda inda wani ya zauna da Samba ba ya son komi daga gare shi. Wuri ɗaya na samu, kuma maƙabarta ce. Yana yaro yakan sulale ya tahi kushewar tsohuwa Rella ya kwanta kusa da ita yana tunanin mutuwa da aljanna, har barci ya ɗauke shi. A ganina nan ne kaɗai cikin littafin yaron ke neman Ubangiji da ƙafafunsa, da tambayoyinsa na yarinta. Abokiyar hirarsa gawa ce, gawa kuwa ba ta jiran tsaraba.

Shi ya sa ƙarshen ba ya ba ni mamaki yanzu. Uban ya kira shi gida, ya iske Cerno ya rasu. Mahaukacin garin, wanda shi ma ya taɓa zuwa Turai ya komo da hankali a birkice, ya ƙi yarda malam ya mutu: ya dubi Samba ya ga Cerno. Ya ja shi zuwa kushewar malamin, ya matsa mashi ya yi salla, ya yi alkawarin zai yi. Samba yana can cikin ransa yana magana da Ubangijinsa, kalmar ƙi ta fito daga bakinsa, Mahaukaci ya ɗauka da shi ake, ya kashe shi. A aji an ce mana Mahaukaci alama ce ta al'adar da ta ƙi canji. Ni ina ganin shi ne kawai ya faɗi tambayar gari da ƙarfi, ba kara, ba kunya. Masu hankali suna tambayar da kallo da shiru. Lura kuma da abin da ya nema: ba ya iya ganin imani, don haka ya nemi abin da ido ke gani, ruku'u da sujada, yanzu, a gabansa. Mutum yana tsakiyar magana da Allah anka kashe shi don bai nuna shaidar yana tare da Allah ba.

Kada mu yi kamar abin ga na Sanagal ne. Ina da aboki a unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba. Yana ɗan shekara takwas anka kai shi gabas, ya yi shekaru tsakanin Kano da Barno, ya komo da Alƙur'ani a ka. Ranar da ya sauka an yanka rago. Kafin wata guda kawunsa ya fara tura mashi mata masu neman rubutun sha, tsofaffi na cewa ga limamin gobe, matasa na jiran ya hau mumbari ya yi zafi. Shi ko ya ce mani wani dare a fada, bayan an watse saura mu biyu da butar shayi: "Wallahi aboki, ni ban san ko ina jin abin da nike karantawa ba. Kuma wa zan gaya ma?" Ba shi da wanda zai gaya ma, don duk wanda ya isa ya ba shi shawara yana cikin masu jiran tsaraba. Yau kabu-kabu yake yi, yana salla a sahun baya. Mutane na cewa ya lalace. Ni dai na fi ganin natsuwa a fuskarsa yanzu, amma wannan ganina ne.

Akwai kuma tsammanin da ba kowa ya ɗora maka ba, kai ka saya da kuɗinka. Azumin bara na shiga i'itikafi kwana goman ƙarshe a wani masallaci nan cikin gari. Na shiga da lissafi kamar mai zuwa Abijan: daren kaza zan yi kuka, daren kaza zan yi mafarki, in fito wani mutum daban. Na cika kunnena da labaran waliyyai da wa'azin da ake turawa a WhatsApp, inda kowa ke da ranar da zuciyarsa ta buɗe. Abin da na samu sauro ne, ciwon gwiwa da gyangyaɗi. Mafi muni, duk raka'ar da na yi rabin hankalina na gefe yana leƙe: ya zo? bai zo ba? Na zama ni ne mai biɗar, ni ne kuma kawun da ke tsaye bakin tasha. Da na fito gwaggona ta ce, "To malam, an ga daren?" Na yi murmushi irin na wanda ya ga wani abu ba ya son faɗi. Wannan murmushin ƙarya ne, kuma har yau shi ya fi damuna cikin kwana goman. Hausawa sun ce tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Ni gonar na shiga, amma idona na kan buhun da ban gani ba.

Manya ma sun san nauyin ga. Imam Gazali yana karantar da ɗalibai wajen 300 a Bagadaza lokacin da harshensa ya ɗaure, abinci ya ƙi shiga. A 1095 ya bar kujerar, kuma da bakinsa ya ba da labari cewa ya nuna ma mutane Makka za shi alhali Sham ya nufa, don kada halifa da abokai su gane su tare shi. Malamin da duniya ke sauraro sai da ya ɓoye hanyarsa kafin ya samu sararin neman kansa.

Amma misalin da ya fi kusa da mu yana nan cikin jiharmu. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, kuma babban malaminsa, Malam Jibrin ɗan Umar, kushewarsa tana wajen Madawa. Abdullahi ƙanen Shehu ya rubuta cewa Shehu ya zauna da Malam Jibrin kamar shekara guda, ya bi shi har Agadas, malam yana kan hanyar hajji. Nan malam ya maido shi gida, don mahaifinsa bai ba shi izinin tahiyar ba. Ku tsaya nan kaɗan. Saurayi ya kai bakin hamada, Makka na gabansa, malamin da ya fi ƙauna zai wuce, shi an ce ya koma. Shehu bai taɓa yin hajji ba har ya rasu a 1817. Abin da ya sa rai a kai bai samu ba, kuma hanyarsa ba ta mutu a nan ba. Daga baya ma ya saɓa ma Malam Jibrin a kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai, ya rubuta saɓanin a fili, kuma bai daina yabon malamin da girmama shi ba. Ga malamin da ya iya sakin hannun ɗalibinsa, ga ɗalibin da ya iya cewa malam a nan ban bi ka ba. Cerno da Samba ba su taɓa kai wannan matsayi ba. Cerno ya mutu yana jira, Samba bai taɓa yi mashi gardama ko sau ɗaya ba.

A nan ne nike da ƙorafi da Kane, duk da ina ganin littafin ya cancanci sunansa. Shi ma marubucin yana cikin masu ɗora ma Samba kaya. Bai bar shi ya zama yaro ba. Samba ba ya shakka irin tamu, wadda ke zuwa da kasala, da yarinya, da rashin kuɗi, da jin haushin liman. Shakkarsa mai tsabta ce, ta Descartes da Pascal, kuma kowa a littafin, daga sarki har Mahaukaci, yana magana kamar ya shirya jawabinsa tun jiya. Sannan babin ƙarshe: bayan wuƙa ta shiga, wata murya ta tarbi Samba, ruɗani ya yaye, ya shiga natsuwar da ya rasa. Rubutun na da kyau, ban musa ba. Amma marubucin ya kasa jure yaronsa ya komo hannu wofi, sai ya cusa mashi tsaraba cikin likkafani. Mai karatu ɗan shekara goma sha bakwai zai rufe littafin da zaton cewa biɗa ta gaskiya dole ta ƙare da haske mai ɗauke ido, in ba a nan ba to a can. Littafin da ya nuna mana yadda tsammani ke kisa ya sallame mu da sabon tsammani.

Mutumin da na so a ba ni labarinsa shi ne Demba. Ɗan talaka ne, abokin karatun Samba, mai tsokanarsa har sunka yi faɗa. Ba wanda ya roƙi ubansa ya ba da shi, ba wanda ya tara gari a kansa. Shi anka naɗa ma rawanin Cerno. Abin da ya fara yi kuwa ba wani abin al'ajabi ba ne: ya canza lokutan karatu don iyayen da ke so su iya kai ɗiyansu lakol. Wannan jadawalin shi ne rayuwar da yawancinmu munka tashi a ciki nan Tawa, allo da asuba, kaye da biro da hantsi, islamiyya da marece. Yadda Demba ke salla, abin da yake ji in ya zauna kan buzun malaminsa, ko ya taɓa kwana yana jiran abin da bai zo ba, duk Kane ya wuce su da sauri, ya koma Paris wajen ɗan sarauta.