Horon Sulhu a Makarantun Karkarar Arewacin Kano: Wa Zai Tsaya wa Yaron da Ba Shi da Gata?

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan masana tarbiyya sun yawaita kira da a ajiye bulala da kora a makarantu, a rungumi wata hanyar horo wadda aka gina a kan gyara abin da laifi ya ɓata tsakanin mutane. A wannan takarda mun kira ta horon sulhu, domin ita ce kalmar da ta fi kusa da ita a bakin Bahaushe. Abin da muka sa gaba shi ne mu auna ta da ma'aunin makarantun firamare na ƙauyukan arewacin Jihar Kano, watau irin na ƙasashen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bichi da Minjibir, musamman dangane da yaran da ba su da gata: marayu da 'yan riƙo da agololi da 'yan mata masu talla da almajiran da suka komo gida. Mu faɗa tun da wuri cewa muna ganin alheri a cikinta. Sai dai muna da ja a kan yadda ake ɗauka cewa, tun da dai Bahaushe ya san sulhu kaka da kakanni, to ba abin da ya rage sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar makaranta.

2.0 Asalin Hanyar da Abin da Gwaji ya Nuna

A kotu aka haifi wannan hanya kafin ta shiga aji. A 1989 ƙasar Niyu Zilan ta yi dokar yara da iyalansu, wadda ta tanadi taron dangi a kan yaron da ya yi laifi, bisa koyi da al'adar kabilar Mawori. A shekarar ce kuma John Braithwaite na Ostireliya ya fitar da littafinsa a kan laifi da kunya, inda ya bambanta kunyatarwar da ke tozarta mutum ta ware shi daga jama'a, da wadda ke tsawata a kan aikin sannan ta maido da mai shi cikin 'yan'uwansa. Howard Zehr na Amurka ya biyo baya a 1990 da cewa tambayar da ta kamata ita ce wa aka cuta, me yake bukata, kuma a wuyan wa gyaran yake. Daga 1994 makarantun jihar Kwinsland a Ostireliya suka fara gwada irin wannan zama da ɗalibai.

An gwada ta bisa ƙa'idar bincike, kuma sakamakon bai kai zaƙin bakin masu tallarta ba. A Ingila an bi makarantun sakandare 40 har shekara uku. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna cin zali tsakanin ɗalibai ya ragu, amma kaɗan. A birnin Pittsburgh na Amurka, inda aka raba makarantu 44 gida biyu, dakatar da ɗalibai ya ragu, malamai sun ce zaman makaranta ya yi daɗi, amma sakamakon jarrabawar 'yan aji shida zuwa takwas ya ja baya. Gwajin da ya fi kama da halinmu shi ne na gundumar Luwero a Yuganda, a firamare 42, wanda aka buga a 2015. Bayan wata 18, kashi 31 cikin ɗari na ɗaliban makarantun da aka yi wa shirin ne suka ce wani ma'aikacin makaranta ya doke su a makon da ya gabata, alhali a sauran makarantun kashi 49 ne. Abin lura a nan, shirin na Yuganda ya fara ne da halin malami da yadda yake riƙon ikonsa, kafin ya taɓa laifin yaro. Za mu komo kan wannan.

3.0 Laifin Wa?

Horon sulhu ya tsaya a kan cewa akwai mai laifi, akwai wanda aka cuta. To, mu duba laifuffukan da suka fi jawo wa yaron ƙauye bulala da tsallen kwaɗo da kamun kunne: makara, fashi, rashin littafin rubutu, rashin kayan makaranta, gyangyaɗi a aji. A cikin waɗannan wa aka cuta?

Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka bayyana ƙasar da ke kewaye da Kano a matsayin yanki mai cunkoson jama'a, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu, ana raya ta da taki, har da wanda ake ɗaukowa daga birni a mangala. Irin wannan noma hannu yake ci. Gonar ƙarama ce, amma ba ta yafe jinkiri: in aka makara da noman firi, ciyawa ta ci gero. Shuka da noman firi suna faɗawa ne a watannin Yuni da Yuli, daidai lokacin jarrabawar zango na uku. Girbin dawa da cirar gyaɗa da roron wake kuma suna cin karo da zango na ɗaya. Gidan da ke da hali zai ɗauki ɗan ƙwadago. Gidan da uba ya rasu, ko ya tafi cin rani bai komo ba, yaron nan ɗan shekara goma sha ɗaya shi ne ɗan ƙwadagon. Haka nan yarinya: Polly Hill ta nuna yadda matan kulle na karkara ke ciniki daga cikin gida, Enid Schildkrout kuma, a binciken da ta yi a birnin Kano daga 1976, ta nuna cewa ƙafar yara ce ke ɗauke da wannan ciniki, kuma daga ribar tallan ake tara kayan ɗakin yarinya. Ran kasuwa, ke nan, ba a bukatar malamin duba ya faɗi kujerun da za su zama wayam.

Idan aka zaunar da irin wannan yaro aka ce ya faɗi wanda fashinsa ya cuta da yadda zai gyara, an sauya wa bulala suna ne kurum, domin an ɗora masa alhakin abin da ba shi da iko a kai. Dokokinmu ma wannan karkata suke da ita. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi gargaɗi ga uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Sashe na 55 na Dokar Finalkod kuwa ya halatta wa malami ya hori yaro muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Tun daga shirin firamare kyauta na 1976 har zuwa shelar ilmi kyauta kuma dole da Gwamnatin Kano ta yi a 2019, an fi kallon rashin zuwa makaranta a matsayin taurin kai. Hanyar sulhu da ta gaji wannan kallo ba ta da wani sabon abu da za ta ba yaron.

4.0 Sulhun Bahaushe da Matsalar Kunya

A nan ne muka fi saɓawa da masu cewa abin namu ne tun asali. Gaskiya ne muna da sulhu: a zauren mai unguwa, a gaban dagaci, a wurin liman, kuma babi ne sananne a littattafan fiƙihu. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau (2003 zuwa 2011) ta kafa Zauren Sulhu, Hukumar Hisba ma tana sasanta ma'aurata da maƙwabta. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, me sulhun gargajiya yake karewa? Zaman lafiyar gari yake karewa, da mutuncin manya. Duk wanda ya taɓa halartar biko ya san wanda aka fi ce wa ya yi haƙuri. Sau da yawa zaman yana ƙarewa ne da mai rauni ya haɗiye haƙƙinsa, a yi fatiha, a watse. Zehr ya sa bukatar wanda aka cuta a gaba. Sulhunmu kuwa ya fi sa rufin asiri a gaba. Dukansu suna da amfani, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma yaron da babban ɗalibi ke ƙwace wa kuɗin tara kullum zai gane bambancin ranar da aka ce masa ai yayansa ne, ya yafe.

Sannan ga kunya. A laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa kunya da ladabi da haƙuri cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su. Yaron kirki shi ne wanda ke durƙusawa, ya sunkuyar da kai, ya ƙi haɗa ido da babba, ya ƙi mayar da magana. Horon sulhu kuma yana son yaron ya ɗaga kai a gaban hedimasta da iyayen wani, ya faɗi abin da aka yi masa da yadda ya ji a ransa. Watau muna neman ya karya tarbiyyar gida don ya sami adalcin makaranta. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba za ta buɗe baki a irin wannan zama ba, balle in abin da ya faru da ita a hanyar talla ne ko a bayan aji. Shirunta kuwa sai a rubuta shi a matsayin yafiya. Kuma akwai laifin da bai kamata a kai shi tabarmar sulhu ba sam. Jihar Kano ta sami dokar kare yara a 2023, kuma cin zarafin yaro aikin hukuma ne.

Braithwaite ya ɗauka cewa yaro yana da jama'ar da za a maido shi cikinta, masu jin zafin abin da ya yi don suna ƙaunarsa. Ga ɗan gata haka ne. Amma wa zai zo wa agola? Mijin uwarsa yana ganin ba nasa ba ne, uwar tana kulle, dangin uban suna wani gari. Wa zai zo wa 'yar riƙo, alhali wadda za a kira ita ce mai ɗora mata tallan? A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Wanda aka sa a firamare cikinsu zai tarar ya girmi 'yan ajinsu, ga izu da dama a kansa, amma bai iya rubuta sunansa da boko ba. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano ta buga littafinta a 2018, ta nuna cewa wulaƙanci da gorin talauci suna ci musu rai ƙwarai, har suna neman hanyoyin ɓoye rashin gidajensu. In aka tara jama'a a kan irin wannan yaro, gefe guda ga uban abokin faɗansa da babbar riga, gefe guda ga shi shi kaɗai, to an yi kunyatarwar nan da Braithwaite kansa ya yi gargaɗi a kanta, da sunan gyara.

5.0 Abin da Muke Ganin Zai Karɓu

Sashen wannan hanya da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ba a cika ambata ba, watau ƙulla zumunci tun kafin a yi laifi. A nan makarantar allo ta fi ta boko, ko da yake ba mu manta da dorinarta ba. Alaramma ya san uban kowane almajiri, da hannu aka damƙa masa shi amana. Malamin firamare kuwa sau da yawa daga hedikwatar ƙaramar hukuma yake zuwa a babur, ya kira rajista, ya koma, ba tare da ya san wanda ya karya kumallo da wanda bai karya ba. Ba laifinsa ba ne duka. Mutumin da ke fama da aji maƙil da yara ba shi da rabin sa'ar da zai ba mutum biyu. Dokar ta-ɓaci a kan ilmi da Gwamnatin Kano ta ayyana a 2024 shaida ce cewa ƙarancin malamai da azuzuwa ba ɓoyayyen abu ba ne.

Saboda haka muna ganin a fara da inda Yuganda ta fara. Kwalejojin horon malamai, irin ta Tarayya da ke Bichi da ta Sa'adatu Rimi, su koya wa ɗalibansu yadda ake riƙe babban aji ba da tsumagiya ba, domin wanda aka karɓe wa bulala ba a ba shi madadinta ba zai karyo wata a bakin hanya. Sannan a raba laifuffuka: abin da talauci ya jawo a cire shi daga babin horo gaba ɗaya, a mai da shi babin tattaunawa da gida, ko da za a kai ga sassauta lokacin shiga aji a makonnin noman firi da ranar kasuwa. Kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma, waɗanda shirin ESSPIN ya yi aikin ƙarfafawa a Kano tsakanin 2008 da 2017, suna da gurbin mata, kuma mace ce kaɗai za ta iya wuce zaure ta zauna da uwar yaro.

Game da wanda ba shi da mai tsaya masa, al'adarmu tana da abin aro wanda ya fi zauren sulhu amfani, shi ne uban ɗaki da uwar ɗaki. Kowane yaro maras gata a haɗa shi da babba guda, malami ko dattijuwa a unguwa, wanda yaron ya zaɓa da bakinsa. Shi zai ji ta bakinsa a keɓe, shi zai yi magana a madadinsa in an zauna, yadda wakili ke yi a ɗaurin aure, ta haka an kiyaye kunyar yaron ba tare da an binne maganarsa ba. Mun san akwai haɗari a nan, domin keɓewar babba da yaro ƙofa ce da mugu kan nema. Don haka mace ga mace, namiji ga namiji, a wurin da ido ke gani, kuma kwamiti ya san da zaman kowace haɗawa. Kafin a yaɗa wannan tsari, muna so a gwada shi a makarantun ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu, a raba su gida biyu kamar yadda aka yi a Luwero, a ƙirga waɗanda suka rage a aji bayan girbin dawa, kuma a tambayi yaran da kansu, ba hedimasta ba.