Cocin Ƙasa na Wusasa da Hujjar Bakan Gizo

Duk sa'ad da aka zo lissafin gine-ginen gargajiya na ƙasar Hausa, sai a ambaci Gidan Makama, Gobarau da Masallacin Juma'a na Zariya, a tsallake cocin St. Bartholomew da ke Wusasa. Wai ai coci ginin Turawa ne. Mai faɗin haka bai ɗaga kai ya dubi rufin ba.

Tarihin gajere ne. A 1900 Bishop Tugwell da tawagarsa ta mishan ɗin Anglika na CMS suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Likita Miller na wannan mishan ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan gari, inda aka gina cocin a 1929. A wannan unguwa Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Tsohon cocin Anglika a ƙauyukan Ingila sananne ne: doguwar farfajiya ta jama'a, wurin limamai ta gabas, hasumiyar ƙararrawa, da bakuna na dutse masu tsini. A Wusasa an riƙe tsarin ibadar, amma aka bar wa tubali da azara su ɗauki nauyin.

Nan ne gwanintar take. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma gajera ce. In tazara ta wuce kamu huɗu ko biyar sai ta fara lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki taro? Magini yakan dasa azara cikin bango tun ginin bai yi nisa ba, ya ɗan karkato ta ciki. Ya ɗora wata a kanta, ya ƙara karkatarwa, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta sha iska. Haka daga ɗaya bangon. Ƙafafun biyu suna tahowa gaɓa-gaɓa har su gamu a sama, baka ya tashi, wato bakan gizo. Kaurin bango shi ke danne gindin azarar, shi ya sa duk wanda ya rage kauri don tsimin ƙasa ya kashe bakan tun kafin a haife shi. In bakuna suka gitta juna aka samu ɗaurin guga, sai tulluwa ta zauna a kai, ruwan sama ya gangara zuwa indararo. Bature mai ginin dutse sai ya kafa katako ya tallafi bakansa har a sa dutsen ƙarshe. Namu baka yana riƙe kansa tun yana rabi. Ni a wurina wannan ya fi wayo.

Masu cewa ginin ƙasa alamar talauci ce ba su da hujja. Su shiga cocin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu su dawo mu yi magana. Masu cewa kwaikwayon masallaci ne su ma sun kuskure. Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya, bai mallaka wa wani addini baka ba. Fasaha ce ta magina, kuma ta yi wa fada, masallaci da soron attajiri aiki tun kafin mishan.

Abin da ke damuna yana nan gida. Daga Dawakin Kudu zuwa Kura da Bunkure, kuɗin shinkafa da tumatur na noman rani suna komawa bulo da siminti, magina tsofaffi kuwa ba su da masu gado. Katsin da ake haɗa laso da shi daga marina yake fitowa, irin marinar da Kura ta yi suna da ita. Makubar da ake shafe bango da ita kuma daga ɓawon ɗorawa. In waɗannan sana'o'i suka mutu, ba mai iya yi wa Wusasa yaɓe, sai a shafe ta da siminti, danshi ya maƙale a ciki ya ci bangon.

Sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da Wusasa. Ya kamata a kai ɗalibai su auna bakunan nan, a kuma ɗauki sauran magina masu iya ɗaurin guga su koyar, a biya su albashin malamai.