Gayyar Amish: Rumbu a Yini Guda

Iyalin da suka ziyarci gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania, ko Holmes ta jihar Ohayo a Amurka, galibi da labarin keken doki da gonakin da alfadarai ke nomewa suke komawa gida. Amma wanda ya yi katarin tarar da gayyar gina rumbu, shi ne ya ga ainihin gwanintar Amish.

Amish Kiristoci ne da suka ɓalle daga 'yan'uwansu a Turai a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, suka fara ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18. Yawancinsu ba sa sayen inshora. In gobara ta cinye rumbun mutum, jama'arsa ce ke tayar masa da wani.

Rumbun nasu ƙaton bene ne na katako: shanu da dawakai a ƙasa, ciyawa da hatsi a sama. Sau da yawa a jikin tudu ake kafa shi, don amalanke ya shige hawa na sama kai tsaye da kayansa.

Baƙo saurin aikin yake gani, alhali asirin yana cikin kwanakin da suka gabata. Kafin ranar gayya an zuba harsashi, babban kafinta da 'yan hannunsa sun auna kowane ginshiƙi, sun yanka, sun sa masa alama. A ginin gargajiya, ana fafe rami a jikin katako ɗaya, a sassaƙa wa ɗayan harshe daidai ramin, a haɗa su, sannan a buga turken itace ya ɗaure su. In awo ya kuskure da faɗin yatsa, mutum ɗari za su tsaya cirko-cirko.

Da sassafe maza sun hallara, wani lokaci ɗaruruwa. A ƙasa ake haɗa kowane sashe na ƙashin ginin yana kwance. Babban kafinta ya ɗaga murya, hannaye su cicciɓa, masu dogayen sanduna su tokare su tura, masu igiya su riƙe ta ɗaya ɓangaren kada ya zarce. Yana miƙewa samari su ɗare sama da guduma, suna taka katakon da bai fi tafin ƙafa faɗi ba. Da azahar a sauko a ci abincin da mata suka yini dafawa. Kafin magariba an yi nisa da rufi da bango.

Ba a biyan masu gayya ko sisi, kuma ba makarantar koyon wannan. Yaron Amish yana gama boko a aji takwas, amma tun kafin nan yana miƙa ƙusa yana kallon hannun manya. A gayya yake koyo, har ranar da za a ce shi ya hau sama.