Sharhi kan hoton "Gandhi da keken kaɗi"

A shekarar 1946, Margaret Bourke-White, mai ɗaukar hoto ta mujallar Life ta Amurka, ta ɗauki Mahatma Gandhi zaune a ƙasa kusa da keken kaɗi, wanda Indiyawa ke kira carka. Hoton ya ƙara shahara bayan kisan Gandhi a 1948.

Ta fuskar tsari, hoton ya yi kyau. Keken ne a gaba, duhu-duhu, ya cika gefe guda. Gandhi yana baya, ba riga, kansa sunkuye, haske na sauka a kansa. Ido yana fara faɗawa kan keken kafin ya kai ga mutumin. Da haka saƙon ya fito ba tare da kalma ba: kaɗa zarenka da hannunka, ka bar yadin masaƙun Ingila. Wannan shi ne kiran Gandhi, har jam'iyyar Congress ta sa keken a tutarta a 1931.

Sai dai duk wanda ya san kaɗi zai lura da abu ɗaya. Gandhi ba kaɗi yake yi ba, karatu yake yi. Keken a tsaye yake, babu hannu a kansa. Hoton ya mai da kayan aiki alama, ya bar aikin da masu yin sa a waje.

Su wane ne aka bari? Cikinsu har da mutanen duwatsun Himalaya. A Ladakh auduga ba ta yi saboda sanyi, sai gashin tumaki, na yak da na akuyar fashmina. Can da mazari ake kaɗi, makiyayi ma yana tafe bayan garke yana murzawa. A Kashmir mata na kaɗa gashin fashmina da keken hannu mai suna yindar. A Uttarakhand kuwa akwai keken Bageshwari, wanda ake takawa da ƙafa, hannu biyu su samu damar jan gashi. Ga waɗannan mutane, kaɗi maganin hunturu ne da abin sayen hatsi.

A nan akwai darasi ga ɗalibin harshe. Bahaushiya tana gurzar auduga, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsu, ta kaɗa zare ko abawa da mazari. Ba ta da keke. Mai fassara da ya kira carka "mazari" ya haɗe kayan aiki biyu da Indiyawa suka raba, domin mazari suna ce masa takli. "Keken kaɗi" ya fi dacewa.

Hoton ya cancanci sunan da ya yi a matsayin shaidar gwagwarmayar neman ƴanci. Amma mai son ganin yadda gashi ke zama zare, sai ya nemi hoton da hannu ke kan aiki.