Zomo ba abokin zaman ɓeran Masar ba ne

In kana kallon bidiyoyin kiwo a intanet, ka sha jin shawarar nan: ɓeran Masar ba ya son kaɗaici, don haka a haɗa shi keji ɗaya da zomo. Rabin farko gaskiya ne. Dabbar garke ce, har Suwizalan ta hana ajiye shi shi kaɗai tun 2008. Rabi na biyun kuwa gyaran gangar auzinawa ne.

Zomo kan ɗauki ƙwayar cutar Bordetella yana harkarsa lafiya lau, amma in ta kama ɓeran sai ciwon huhu, wani ma ya mutu. Ga batun abinci: jikin zomo yana haɗa bitamin C da kansa, na ɓeran Masar ba ya iyawa, kamar dai namu. Ka bar shi da abincin zomo zalla, dasashinsa zai fara jini, gaɓoɓinsa su kumbura. Shurin zomo ɗaya ma ya isa ya karya shi.

Nemo masa jinsinsa: mata biyu ko uku, ko namiji ɗaya dandaƙaƙƙe a cikinsu. Maza biyu kusa da mace, faɗa ne. Kowanne ya samu maɓoyarsa, kwanon abinci kuma kada ya zama ɗaya.