Ina Mai Gidan? Sharhi a kan Wasan "Cathy Come Home"

Malamanmu kan ce wasan kwaikwayo madubi ne na rayuwar al'umma. To, amma madubi iyakar abin da aka fuskantar da shi gare shi yake nunawa, abin da ke bayansa kuwa sai wanda ya zagaya. Da wannan ma'auni nake so in auna wani wasan talabijin na ƙasar Ingila mai suna Cathy Come Home, watau "Cathy, dawo gida". Jeremy Sandford ya rubuta shi, Ken Loach ya shirya shi, gidan BBC ya nuna shi ran 16 ga Nuwamba, 1966, mutum wajen miliyan 12 suka kalla.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Cathy ta baro garinsu ta zo Landan, ta auri Reg, direban babbar mota, suka kama haya a wani bene na zamani inda ba a yarda da masu yara ba. Sai ga ciki, sai kuma Reg ya yi hatsari, samu ya ja baya. Daga nan sai gangara. Suka raɓa wurin uwar Reg, zama bai yi daɗi ba. Suka sami ɗaki wurin wata tsohuwa mai haƙuri da bashi, da ta rasu magajinta ya ce a biya ko a fita, ma'aikatan kotu suka fasa ƙofa. Suka koma ɗakunan tafi-da-gidanka a bayan gari, gobara ta tashe su. Ƙarshe dai sai gidan marasa galihu na hukuma, inda ake karɓar mata da yara amma ban da miji. Aure ya sukurkuce, aka ƙwace 'ya'yan daga hannun Cathy a tashar jirgin ƙasa tana kururuwa.

Ta fuskar salo, sai in ce a gaishe da Loach. Ya fita da kyamara tituna da lunguna na gaske, ya bar hoton yana rawa kamar na masu ɗaukar labarai, ya kuma sa muryoyin mutanen da ba a gani suna faɗin alƙaluma a kan ƙarancin gidaje yayin da Cathy ke jan yara a titi. Carol White da ta fito a matsayin Cathy ba ta cika kuka don a gani ba, ƙarewa take a hankali kamar sabulu a ruwa. Mai kallo ba ya sanin inda wasa ya tsaya da inda rahoto ya fara, har wasu suka yi ƙorafi a lokacin cewa wannan yaudara ce. Ni dai ban ga yaudara ba.

Inda nake da ja shi ne jigo. Duk tsawon wasan ba a zaunar da mai gidan haya an bar shi ya buɗe littafin lissafinsa ba. Tsohuwa mai kirki ta mutu, magaji marar tausayi ya gaje ta, shi ke nan, kamar dai halin mutum ne ya fitar da Cathy waje. Alhali kuwa akwai doka a bayan wannan ƙofa da aka fasa. Tun 1915, bayan da matan Gilasgo suka yi yajin biyan haya a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya. A 1957 aka sassauta: in tsohon ɗan haya ya tashi, mai gida ya sami damar yanka wa sabo abin da ya ga dama. Ashe ke nan ribar mai gida tana cikin korar wanda ke ciki. A wannan zamani ne Peter Rachman ya yi ƙaurin suna a Landan wajen takura wa 'yan haya har su tattara da kansu. Dokar 1965 ta zo da jami'an da ke tsaida haya ta adalci, amma ba ta rufa wa masu hayar ɗaki da kayan ciki asiri sosai ba sai a 1974. Ko ɗaya daga cikin wannan bai zama ƙashin bayan labarin ba.

Gwada shi da Widowers' Houses na George Bernard Shaw, wanda aka fara nunawa a 1892. Likita Trench, saurayi mai ganin kansa tsarkakakke, ya ƙi kuɗin surukinsa Sartorius da ya ji cewa daga hayar kangayen talakawa suke fitowa. Sartorius bai yi fushi ba. Sai ya nuna masa cewa fam 700 da shi Trench yake ci duk shekara ruwan bashi ne da ke kan waɗannan gidaje. Kafin a rufe labule Trench ya shiga cinikin. A wasan Shaw kusan ba a ganin talaka ko ɗaya, amma mai kallo kan fita yana shafa aljihunsa. A na Loach an ga talaka ƙuru-ƙuru, mai kallo ya share hawaye ya kwanta da zuciya fara. Tony Garnett, wanda ya ɗauki nauyin shirya wasan, shi kansa ya yi kukan cewa wasan ya bar kowa ya sulale ba laifi.

Kada a ce na yi butulci. Ƙungiyar Shelter da aka ƙaddamar makonni biyu bayan nuna wasan ta ci moriyarsa ƙwarai, a 1977 kuma aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa iyalai marasa muhalli wurin zama. Rubutun da aka rufe wasan da shi ma ya taɓo gaskiya, da ya gwada yawan gidajen da Jamus ta Yamma ta gina da na Birtaniya. Haka nan ba na cewa ƙayyade haya magani ne sha-yanzu-magani-yanzu. A shekarun da aka yi ana ƙayyadewa masu gidaje da yawa sun daina gyara ko sun sayar, har gidajen haya na 'yan kasuwa suka ragu zuwa wajen ɗaya cikin goma a ƙarshen shekarun 1980. Wanda ke ciki ya sami sauƙi, mai nema irin Cathy ya sha yawo.

Amma dubi abin da ya biyo baya. A 1980 aka ba mazauna gidajen hukuma damar saye, aka sayar da ɗimbinsu ba a mayar da gurbinsu ba. A 1982 aka kafa dokar tallafin kuɗin haya. A 1988 aka cire ƙayyadewa daga sababbin yarjejeniyoyi, aka kuma ba mai gida ikon tashin ɗan haya da takardar wata biyu ba tare da faɗin dalili ba. Da aka tambayi Ministan Gidaje George Young a Majalisa a 1991 yadda talaka zai yi, sai ya ce tallafin ne zai ɗauki nauyin. Ya kuwa ɗauka: kafin 2011 abin da ake kashewa ya haura fam biliyan 20 a shekara, kaso mai tsoka yana bi ta hannun ɗan haya ya zarce asusun mai gida. Da kuɗin suka yi wa baitulmali nauyi, tallafin aka datse, haya kuwa aka bar ta. A 2011 aka ɗaure shi ga farashin gidaje 30 mafi araha cikin 100 na kowane yanki, daga 2016 zuwa 2020 kuma aka daskarar da shi, haya tana ta hawa. Sai a 2025 Majalisa ta zartar da dokar soke korar nan ta babu dalili a Ingila, ita ma ba ta maido da ƙayyade haya ba.

Watau duk mai biyan haraji a Birtaniya ya wayi gari da hannu a cinikin Sartorius, har da jikokin waɗanda suka yi wa Cathy kuka. Da Sandford ya ba magajin tsohuwar nan ko da minti biyar ya zauna ya lissafa abin da ɗakin zai kawo masa in an fitar da Cathy, da masu kallo miliyan 12 sun ji lissafin da kunnensu tun 1966.